Yadda Ake Sayen Babur Kuruza Mai Matsakaicin Inji, a Koyi Hawansa, a Kuma Riƙe Shi Lafiya

Tun da na fara hawa Honda Shadow 750, da wuya in tsaya gidan mai ba a sami wanda ya zagaya babur ɗin yana tambaya ba. Nawa ake sayensa? A ina ake samu? Lita nawa yake sha? In ya lalace wa zai gyara? Amsa a tsaye a bakin famfon mai ba ta isa, shi ya sa na zauna na jera matakan kamar yadda ya kamata mutum ya bi su.

Babur ɗin da nake magana a kai shi ne wanda ake kira kuruza: mai dogon jiki, wurin zama ƙasa-ƙasa, ƙafafun mahayi a miƙe gaba, injinsa daga kusan cc 500 zuwa kusan 800. Abu guda nake so ka riƙe tun daga nan. Boxer ko Jincheng da ka saba da shi bai kai kilo 130 ba, wannan kuwa daga kilo 190 yake farawa har ya haura 270. Duk shekarun da ka yi kana hawa ƙaramin babur, ranar da ka hau wannan ka koma ɗan koyo. Kanikenka ma haka.

1. Fara sanin ko dokar garinku ta yarda

Kafin ka kashe ko sisi, ka bincika dokar babur a inda kake zaune da inda kake yawan zuwa. An hana babura a Maiduguri tun 2011. A Kano an hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni tun watan Janairun 2013. Wasu ƙananan hukumomi a Zamfara, Katsina, Kaduna da Neja an sha taƙaita zirga-zirgar babura saboda tsaro, haka ma yankunan Diffa da Tillaberi a Jamhuriyar Nijar. Dokokin nan suna canzawa, don haka ka je ofishin hukumar kiyaye haɗura ko na jami'an hanya na jiharku ka ji daga bakinsu. Girman babur ko tsadarsa ba sa fitar da kai daga doka.

2. Zaɓi samfurin da ya dace da kai

Waɗanda za ka fi cin karo da su biyar ne. Honda Shadow 750 yana da lagireto, yawancin na 2004 zuwa sama kuma ba su da sarƙa, sandar ƙarfe ce da ake kira shaf take juya tayar baya. Nauyinsa kusan kilo 250, tankinsa lita 14. Yamaha V-Star 650, wanda a wasu ƙasashe ake kira DragStar, iska ce take sanyaya injinsa, yana da kafireta da shaf, tankinsa lita 16. Suzuki Boulevard C50 cc 805 ne, shi ya fi su nauyi. Kawasaki Vulcan S ya fito a 2015, cc 649, mai sarƙa, kuma ya fi su zafin tashi. Honda Rebel 500 ya fito a 2017, cc 471, shi ne mafi sauƙin nauyi, kusan kilo 190.

Ra'ayina a fili yake. A ƙasarmu mai ƙura da yashi, shaf ya fi sarƙa kwanciyar hankali, domin ƙurar hunturu in ta haɗu da man sarƙa sai ta zama tamkar dutsen wasa wuƙa, ta cinye sarƙar da haƙoranta. Wanda bai da jiki sosai, ko wanda wannan ne babban baburinsa na farko, Rebel 500 ya fi masa. Wanda ke nesa da babban gari ya duba V-Star 650, don kafireta abu ne da kanikawanmu suka iya kwancewa su wanke, sai dai injinsa yana shan wuya in ya daɗe tsaye cikin cunkoso a watan Afrilu.

Ka hau ka zauna kafin ka yanke shawara. Tafin ƙafafunka biyu su taka ƙasa sosai, hannayenka su kai kan babur ba tare da ka miƙe ƙam ba. Sannan ka murɗa kan gaba ɗaya dama da hagu, ka ga ko hannun da ke nesa yana kaiwa.

Gargaɗi: a Japan an ƙera Shadow da DragStar masu cc 400 waɗanda a ido kusan ba su da bambanci da manyan. Akan sayar wa mutum 400 da sunan 750 ko 650. A Honda ka karanta lambar shasi: ta 750 tana ɗauke da haruffan RC, kamar RC44 ko RC50, ta 400 kuwa NC.

3. Lissafin kuɗi

Farashin waɗannan babura yana bin dala, abin da aka faɗa maka wata uku da suka wuce ya riga ya tsufa. Ka tambayi dillalai uku aƙalla a mako guda, ka kwatanta. Amma kada ka zuba duk abin da ke hannunka a kuɗin saye. Ka ware kashi ɗaya cikin biyar ka ajiye gefe, domin babur na hannu, ko ɗan Kwatano ne ko wanda aka hau a gida, kusan kullum yana zuwa da buƙatar tayoyi biyu, batir, bakin mai da filta, filogi da man birki. Ga kuma rajista, lamba, lasisi, hular kwano, da la'adar dillali, wadda ya kamata a yi maganarta tun kafin a fara ciniki.

Mai kuma fa? Nawa yana ba ni kilomita 20 zuwa 22 a lita. Mai tafiyar kilomita 40 kullum zai ƙona kusan lita biyu, wato lita 60 a wata, fiye da ninki biyu na abin da Boxer zai sha. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan lissafi ya zama wajibi. Ka ninka lita 60 da farashin yau, ka ga ko aljihunka zai ɗauka ba tare da an taɓa cefanen gida ba.

4. Duba babur kafin ciniki

Nan ne ake cin riba ko a yi asara, don haka zan daɗe a kai. Ka je da safe, da kaniken da ya taɓa kwance babban babur, da tocila, da ƙaramar mitar auna batir. Ka gaya wa mai sayarwa kada ya tayar da shi kafin ka iso. Da isarka ka ɗora bayan hannunka a kan injin. In ka ji ɗumi, an riga an tayar, wataƙila don a ɓoye wahalar tashi. Ka dawo gobe.

Fara da lambar shasi. Tana nan a wuyan babur, ƙasa da kai, yawanci haruffa da lambobi 17 in daga Amurka ko Turai ya fito. Ka haska ta, ka shafa da yatsa. In ka ga alamar goge ko sabon fenti a wurin kaɗai, ka gode masa ka kama hanya. Ka kwatanta ta harafi da harafi da abin da ke takarda.

Sai alamun faɗuwa: ƙarshen hannun birki da na kuloci, gefen salansa, mataken ƙafa, gefen tanki. Ɗan ƙarce ba komai ba ne, kusan kowane kuruza ya taɓa kwanciya a tsaye. Abin tsoro shi ne walda a jikin shasi, ko kai da ya karkace alhali tayar gaba tana kallon gaba sak.

Buɗe tanki ka haska ciki. Tsatsa ja a ƙasan tanki tana nufin babur ya yi shekaru a ajiye, kuma za ta riƙa toshe maka hanyar mai. Zaro ma'aunin bakin mai: baƙi ba laifi, amma in ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwan lagireto ya shiga inji, gyara ne mai tsada. Duba sandunan shok na gaba, in akwai zoben mai a jikinsu sil ya mutu. Leƙa ƙarƙashin inji da gidan shaf ko akwai yoyo.

Tayoyi suna ruɗin mutane. Za ka ga zanensu da zurfi kamar sababbi, alhali robar ta bushe. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. In ka ga 2316, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2016. Duk wadda ta wuce shekara biyar ko shida, ka lissafa ta cikin abin da za ka canza, ka kuma rage kuɗinta a ciniki.

Yanzu a auna batir. Inji a kashe, lafiyayye yana nuna kusan volt 12.6 a mitar. A tayar, a ɗan ja totur, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, caji ya mutu. In ya zarce 15, na'urar daidaita wuta ta lalace, za ta ƙona batir da ƙwayaye. Ka saurari injin a sanyi: ƙaramar ƙara kamar ta keken ɗinki ba damuwa, amma bugu mai nauyi daga ƙasa alamar boris ne. Hayaƙi mai shuɗi na nufin yana shan bakin mai. In mai lagireto ne, ka bar shi yana aiki har fankar lagireto ta tashi da kanta.

A ƙarshe kanikenka ya hau, ya shiga kowace giya, ya ja da ƙarfi a giya ta uku. In ƙarar inji ta hau amma gudu bai ƙaru ba, kuloci yana zamewa.

Gargaɗi: baburan da suka fito daga Amurka da mil suke lissafi. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. In agogon ya nuna 30,000, tafiyar kilomita 48,000 ke nan. Haka ma gudu, allura a kan 60 tana nufin kana dab da kilomita 100 a awa.

5. Takardu

Kada kuɗi su bar hannunka sai ka ga takardar biyan kwastam mai ɗauke da lambar shasin wannan babur ɗin. In an riga an yi masa rajista a gida, ka karɓi takardun mallaka na asali, ka tabbata mai sayarwa shi ne mai sunan ko yana da izininsa a rubuce. A rubuta yarjejeniyar ciniki da lambar shasi da ta inji, shaidu biyu su sa hannu, ka biya ta banki don ya zama akwai shaida. Daga nan sai ofishin rajista don sauya suna da lamba, sai inshora. Tun farkon 2023 kuɗin ƙaramar inshorar babur a Najeriya, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, Naira 3,000 aka tsayar a shekara. Lasisin babur rukunin A ne, na mota ba ya maye gurbinsa. Babur mai araha marar takarda, ranar da aka tsayar da kai a shinge za ka gane araha ba ta ado.

6. Gyaran farko

Ko mai sayarwa ya rantse jiya aka yi juye, ka sake. Shadow 750 yana ɗaukar kusan lita biyu da rabi. Ka nemi bakin mai na babur wanda aka rubuta JASO MA ko MA2 a jikin galan, mai kauri 10W-40, ka canza filta tare da shi. A canza man gidan shaf da man giya 80W-90, a zubar da tsohon man birki a sa DOT 4, a canza ruwan lagireto da na kanti, a duba filtar iska da filogi. Ka sauke littafin babur ɗinka daga intanet, ka buga shafin jadawalin gyara, ka ba kanike kwafi ɗaya.

Gargaɗi: kada a zuba maka man mota. Kulocin waɗannan babura a cikin bakin mai yake wanka, yawancin man mota na zamani kuma yana da sinadarin santsi da ke sa shi zamewa. Kada kuma a cika lagireto da ruwan rijiya ko na leda, zai bar gishiri da tsatsa a ciki.

Matsalar man motar nan ta taɓa faruwa da ni a wani gareji. Na bar babur na tafi masallaci, yaron shago ya zuba man da suke zuba wa motoci da kyakkyawar niyya. Kwana uku bayan haka, a kan hawa, na ja totur injin ya yi ihu babur bai motsa gaba ba. Sai da na sake juye sau biyu kafin kuloci ya dawo daidai. Tun daga ranar, da galan ɗina nake zuwa, kuma ina tsaye ake zubawa.

7. Kayan kariya

Hular kwano mai rufe haɓa, mai tambarin inganci na ECE ko DOT, wadda ta kama kai ba ta juyawa in ka girgiza. Sabuwa za ka saya, domin wadda ta taɓa bugun ƙasa ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba. Sai safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu, da riga mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu. Akwai masu raga-raga da iska ke ratsawa, su suka dace da zafinmu.

Gargaɗi: babbar riga, jallabiya da rawani mai jela ba kayan hawa wannan babur ba ne. Gefen tufa yana iya shiga tayar baya, salansa kuma tana ƙona ƙafa ta cikin yadi mai laushi. In ɗaurin aure za ka, naɗe kayan ka sa a jaka, ka sauya a can.

8. Koyon hawa daga farko

Ka ba kanka mako biyu a fili kafin ka shiga titi. Filin makaranta da yamma ko wani shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri ya isa. Ka guji mai yashi.

Rana ta farko kada ma ka tayar. Ka hau, ka ɗaga shi daga ƙafar jingina, ka karkata shi kaɗan dama da hagu har ka gane inda nauyin yake fin ƙarfinka. Ka tura shi gaba da baya da ƙafafu, yatsu biyu a kan birkin hannu.

Sai kuloci. Tsarin giya shi ne ta ɗaya ƙasa, sauran sama, firi a tsakanin ta ɗaya da ta biyu. Wasu ƙananan babura duk giyoyinsu gefe guda suke tafiya, don haka ƙafarka za ta so ta yi abin da ta saba, ka kula. Ka saki kuloci a hankali har ka ji babur ya fara jan kansa, ka sake kamawa. Ka maimaita sau hamsin. Wannan ɗan tsakanin da kuloci ke fara kamawa shi ne sirrin tafiya a hankali: totur kaɗan a tsaye, kuloci rabi, ƙafar dama tana ɗan taka birkin baya. Da haka ake bin cunkoso, da haka ake juyawa a titi mai ƙunci. Ka jera gwangwanaye biyu taku goma sha biyu tsakaninsu, ka riƙa zagaya su kamar lamba 8, kana juya kai gaba ɗaya zuwa inda kake son zuwa. Babur yana bin ido. In ka kalli ƙasa, ƙasa za ka je.

Gargaɗi: kada ka damƙe birkin hannu alhali kan babur a murɗe yake kuma kana tafiya a hankali. Nan take zai kwanta. Ka miƙe kai tukuna, sannan ka tsaya.

Birki shi ne inda tsohuwar al'ada ta fi cutarwa. Da yawanmu mun taso ana ce mana birkin gaba yana kayarwa, sai muka dogara da na ƙafa. A kan babur mai kilo 250, na gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa, na baya a Shadow da V-Star ma ganga ce irin ta da. Ka koyi matsa na gaba kamar mai matse lemo, a hankali da farko sannan da ƙarfi, tare da na baya. Fara daga gudun kilomita 30, ka sa alama inda ka tsaya, ka yi ta rage tazarar, sannan ka ƙara zuwa 50.

A kwana, in gudu ya haura na keke, babur ba ya juyawa da murɗa kai. Kana son zuwa dama, ka ɗan tura hannun dama gaba, zai kwanta dama da kansa. Ka rage gudu kafin ka shiga kwanar, domin kuruza ƙasa-ƙasa ne, in ka kwanta da yawa mataken ƙafa zai kartar kwalta. Tudun rage gudu ma a giya ta ɗaya ake hawansa, in ba haka ba ƙasan inji ko salansa ya sha bugu.

In ya faɗi, kashe injin, sa shi a giya. Juya masa baya, ka tsuguna ƙugunka a jikin wurin zama, hannu ɗaya a kan hannun babur na ƙasa, ɗayan a ƙarfen baya, ka tura da ƙafafu kana ja da baya taku-taku. In a gefen dama ya kwanta, ka buɗe ƙafar jingina tukuna don kada ya zarce ɗaya gefen. Mai ɗaga shi da ƙarfin baya yana neman ciwon da zai daɗe yana jinya.

Goyo kuwa, inda doka ta yarda, ka bari sai bayan wata biyu ko uku.

9. Kulawar yau da kullum

Kowane mako ka auna iskar taya da gejinka, da safe kafin ka hau. A Shadow 750 ana sa psi 29 a geji, gaba da baya, a ƙara na baya zuwa 36 in da kaya ko goyo. Na sauran yana rubuce a jikin babur ko a littafinsa. Masu faci sun saba cika taya har ta yi tauri kamar dutse, hakan yana rage kamun hanya. Juye nakan yi duk kilomita 3,000 zuwa 4,000, ƙasa da abin da littafi ya ce, saboda ƙura da zafi. Filtar iska a duba ta duk wata lokacin hunturu. Mai sarƙa ya wanke ta da kananzir ya shafa mata mai duk kilomita 500. In za ka yi tafiyar da ta wuce wata, cire wayar batir, in mai kafireta ne kuma a tsiyaye man da ke cikinta.

Gargaɗi: man 'yan bumburutu sai dole. In an gauraya shi da kananzir ko ya kwashi datti, kafireta za ta toshe, mai injekta kuma famfon mansa ne zai tafi.

10. Doguwar tafiya ta farko

Ka zaɓi hanyar da ka sani, wadda ba ta wuce kilomita 150 ba, ka tashi bayan gari ya waye ka iso kafin la'asar. Dare ba na mai babur ba ne a hanyoyinmu, ga ramuka, ga manyan motoci marasa fitila, ga batun tsaro. In daga baya za ka yi wadda ta fi nisa, misali Kano zuwa Kaduna, kusan kilomita 230 ne, tanki mai lita 14 zai kai a lissafi, amma ka ƙara mai a Zariya. Duk awa ɗaya ka tsaya ka sha ruwa, iska tana busar da jiki ba ka sani ba. Kusa da ƙauyuka ka rage gudu saboda awaki da yara, in tirela ta tunkaro ka matsa gefe ka riƙe kai da sassauci har iskarta ta wuce. Yashin da ke taruwa a bakin kwalta, in ka shiga, kada ka taɓa birkin gaba, ka riƙe totur daidai ka fita a miƙe.

Ka tafi da sifanonin da suka dace da notin tayoyinka, fiyus, wayar kuloci ta ajiya, ƙaramin famfo da takardunka. Shadow Aero, ɗaya daga samfuran Shadow 750, da V-Star 650 masu sifok ne, da tib a cikin tayoyinsu, kuma tib mai wannan girman ba a samunsa a rumfar mai faci ta bakin hanya, don haka ka sa na gaba da na baya a jaka. Babur ɗin ba shi da ƙafar tsakiya, sai an ɗora ƙasan shasi a kan katako ko bulo kafin a zare taya. Ka sa kanikenka ya nuna maka yadda ake cire ta baya daga gidan shaf tun a gida, kai ma ka yi da hannunka sau ɗaya, ka ɗauki hoton yadda wasoshi da ƙarafan tsakiya suke jere kafin a kwance su.